Teku a Dutsin Gwabro

Illela, 13 ga Oktoba 2024

Zuwa ga Dakta Yahuza, taubashina da ya manta hanyar gida,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya Yamai? Yaya maiɗakinka da yara? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta fara yi mini gardama. Inna Hassana, 'yar'uwar uwata, wadda kai kake ce wa Gwaggo, tana nan da ƙarfinta a Zangon Labo, sai dai idonta ya fara hazo. Gero ya yi bana. Wake kam mun raba shi da tsutsa, ita ta ɗauki kason babba.

Ko da ka manta, tunda rabonka da mu tun rasuwar babanka: Badi'a ce, ɗiyar Kande. Uwata da ubanka 'ya'yan wa da ƙane ne, saboda haka ina da izinin zaginka, kuma zan yi amfani da shi. Sau uku ina kiranka a waya kana cewa, "To, to, Madan, zan kira ki." Takarda ba ta iya cewa to-to ta katse. Shi ya sa na ba Kamalu direba wannan, ya ce ya san ƙofar buronku, wato ofishin naku.

Maganar Dutsin Gwabro ce. Ka tuna shi? Tudun nan da ke tsaye shi kaɗai bayan Zangon Labo, a ƙasar Dogarawa, inda mata ke tonon jips, dutsen nan mai ƙyalli, suna sayar wa masu siminti. Za a cinye shi. An ba wani ɗan kwangila aikin hanya daga bakin kwalta zuwa Zango, kilomita goma sha ɗaya, ya duba ya ga dutse a tsaye ba mai shi. Gwabro dai, wa zai tsaya masa?

Shekara goma sha tara ina koyar da ilimin halittu da na ƙasa a kolej, a gefen Malbaza. Ba ni da ɗakin gwaji, ba ni da taswira. Igiyar guga gare ni, gaba arba'in da shida, kowace gaba shekara miliyan ɗari: shekarun duniya ke nan. Nakan shimfiɗa ta a filin lakwal, makarantar tamu, in sa 'yan aji su bi ta da ƙafa. Kusan gaba goma na farko, ba alamar rai. Daga nan su yi ta tafiya, gaba talatin, kusan ba kowa sai ƙananan halittun da ido ba ya gani. Sai a gaba ta arba'in da ɗaya abubuwa masu ɓawo ke cika teku. Kifi, itatuwa, manyan ƙadangarun nan da ake ce wa dinozor, duk a ɗan ragowar igiyar suke cunkushe. Mu kuwa, da sarautunmu da digirorinku, muna can baki inda igiya ta tsefe. Ƙwayar wake ta fi mu tsawo.

'Yan aji sukan yi dariya su manta. Sai wata rana Inna ta aiko mini da wani dutse daga ramin tononta, dunƙule kamar ƙosai, da zanen tauraro mai ƙafa biyar a bayansa. Wai in ba yara su yi dara da shi. Yahuza, dabbar teku ce. Teku, a ƙasar da mata ke tafiyar awa guda neman ruwan sha. Tun daga ranar na zama 'yar rakiyar Inna, duk Lahadi tana tono ina tsince.

Tudun a jere yake kamar tabarmi da aka jibge, na ƙasa shi aka fara shimfiɗawa. Can ƙasa laka ce mai duhu, cikinta muka samu haƙora da ƙashin bayan ƙaton ƙadangaren ruwa, kowace gaɓa ta kai babban gwangwanin tumatir. Bisa ita rairayi ne ruwan ɗorawa, ba kome cikinsa, shiru kamar gidan makoki. Sai wata laka mai ɓarewa shafi-shafi, sai farin dutse cike da ƙosan Inna da dodon koɗi mai naɗi kamar gammo, sai jar hula a kai. Ƙadangarun suna ƙasa. Daga shirun nan zuwa sama babu ko ɗaya. Ni ba dakta ba ce, amma na karanta abin da ka karanta, a tsofaffin littattafan da na tsinta a kasuwar Konni. Ina zaton babbar mutuwar nan ta shekara miliyan sittin da shida, wadda ta share su daga duniya, tana kwance tsakanin ƙugun Inna da kafaɗarta in ta tsaya a ramin gabas.

Dutse ɗari uku da goma sha biyu muka tara. Kowanne na ɗiga masa alli da aka dama da ƙaro, na rubuta lamba da alƙalamin bik, na shigar a babban littafina: wane rami, wane shimfiɗi, kamu nawa daga ƙasa. Ka fi ni sanin cewa dutsen da ba a san inda aka ciro shi ba, tsakuwa ne.

Abu biyu nake roƙo. Ka zo ka gani kafin a fara. In ba za ka iya ba, ka aiko takarda mai hatimin buronku, a bar wa duniya ko da fuskar gabas ce kaɗai. Ni an ji muryata har an gaji.

Ka lura da wannan: bana an ɗauke ni daga Malbaza an kawo ni Illela, ɗaki ɗaya nake haya. Duwatsun suna cikin katan-katan a ɗakin ajiyar Inna, littafin yana wurina. Amsarka ta zo nan Illela, ba can ba.

Taubashiyarka da ta girme ka da damina biyu,
Badi'a

*

Yamai, 2 ga Nuwamba 2024
Hannun Madan Badi'a, gidan Gwaggo Hassana, Zangon Labo

Ranki ya daɗe uwar masu faɗa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, tun ban buɗe ba na ji zafinta ta cikin ambulan. Muna lafiya, iyali na gaishe ki. A miƙa wa Gwaggo Hassana gaisuwa ta musamman, a ce mata ɗanta bai manta furarta ba. Damina biyun da kike taƙama da su, a igiyar taki nawa ne tsawonsu?

A tsaitsaye na karanta, tsakanin taro biyu, amma abin ya tsaya mini a rai. Ƙashin ƙadangaren ruwa a ƙasa, ƙosai a sama, duk a tudu ɗaya! In haka ne, ba ƙaramin abu kike zaune a kai ba. Takarda mai hatimi ba ta fita sai an je an gani an rubuta rahoto, haka dokar gidanmu take. Don haka zan zo da kaina, in sha Allahu, kafin ƙarshen Disamba, da abokan aiki biyu, ɗaya baƙo ne daga ƙasar waje. Na riga na shigar da takardar neman izinin tafiya.

Kafin mu iso, a fito da duwatsun daga katan, a tsabtace su sosai, a jera su da kyau a wuri mai haske, don baƙin su gani su ɗauki hoto. Kada mu ji kunya.

Ki kwantar da hankalinki game da ɗan kwangila. Irin waɗannan ayyuka sai an shekara ana bikin ƙaddamarwa kafin a ga shebur ɗaya.

Naki, ko kin ƙi ko kin so,
Yahuza

*

Illela, 1 ga Disamba 2024

Yahuza,

Sallama, gaisuwa, lafiya lau. Ka ga na gama.

Mako bakwai ban ji daga gare ka ba. Motar Kamalu ta lalace ban gan shi ba, wannan ta hannun wani na aiko. Na kira ka, an ce kana taro. Ina fata taron kan ƙarshen duniya ne, don ba ka da wani uzurin da zan karɓa.

An fara. Masu albasa suka ba ni labari a kasuwa: motocin tono biyu da manyan tifa sun sauka Zango, sun soma da jar hular. Ba ni da hanyar jin Inna. Ka san a Zango waya ba ta kamawa sai an hau Dutsin Gwabro, yanzu kuwa an hana hawa. Ni kuma aji huɗu gare ni, mafi ƙanƙanta mutum tamanin da uku, kuma daga nan zuwa can mota uku ce da amalanke. Sai hutun Disamba.

Ranar Laraba na saci jiki na tafi wani buro da ba zan ambata ba. Awa uku a kan benci, sannan aka shigar da ni gaban wani mai babban teburi. Ya saurare ni, gaskiya ya saurara. Da na gama ya ce, "Madan, ke ba ki son a yi wa mutanenku hanya?"

Na ce ina so. Na ce ni na riƙe kan matar da ta haihu a amalanke tsakanin Zango da kwalta, jaririn bai zo da rai ba, saboda haka kada ya koya mini amfanin hanya. Na ce akwai wani jan dutse kilomita shida arewa, ba kome cikinsa sai ƙarfe, a ɗebo can.

Ya ce, "Kilomita shida zuwa, shida dawowa, sau dubu. Da ruwan tekun naki motocin za su yi tafiya?" Ya juya ƙosan da na kai masa a hannu. "Dabbobin nan naki, suna da rai?"

Na ce sun mutu.

Ya ce, "To Allah ya ba ki haƙuri." Ya kira na gaba.

Hatiminka, Yahuza. Mutumin nan takarda kaɗai yake tsoro.

Badi'a

*

Zangon Labo, 23 ga Disamba 2024

Dakta,

Kowa lafiya. Inna na gaishe ka. Ni ban gaishe ka ba.

Na samu takardarka. A nan na same ta, an naɗe ta a ƙyalle an sa cikin ƙwaryar Inna kamar laya. A ƙarshen tawa na rubuta maka cewa ina Illela. Ba ka kai ƙarshen ba, ko? A tsaitsaye, tsakanin taro biyu. Kamalu ya karanta bayan ambulan ya sauke ta inda ka ce. Inna ta ga takarda daga Yamai, ni ba na nan, ta ce a buɗe kada rasuwa ce. Asma'u, matar ɗanta, ta yi lakwal har aji shida, ita ta karanta mata. Ta karanta daidai, harafi ɗaya ba ta tsallake ba. A tsabtace su sosai. A jera su da kyau. Kada mu ji kunya.

Jiya da hantsi na sauka daga amalanke, na yi sallama, sai na ga an share tsakar gida har an yi mata zane da tsintsiya. An yi sabuwar rumfa. A ƙarƙashinta tabarma huɗu, a kansu duwatsuna suna walƙiya. Manya a baya, matsakaita a tsakiya, ƙanana a gaba cikin faifai, kamar kayan ɗakin amarya.

Na durƙusa na ɗauki ɗaya na juya. Na ɗauki wani na juya. Alli da ƙaro, Yahuza. Ko yawu ya ishe su, balle garin sabulu da soso da yashi.

Inna ta fito tana murmushi, hannuwanta duk sun tsattsage. Ta ce, "Ɗiyata, kin gani? Kwana tara munka yi, ni da Asma'u da matan maƙwabta. Jarka ashirin munka ja. Wanga farin abu da ya liƙe musu, kashin tsuntsu ne ko mi, shi ya ba mu wahala, amma duk mun hidda shi."

Na ɗauki na uku na juya. Ta ce, "Ke, lahiya? Ba su yi haske ba?"

Na ce, "Inna, lambobin."

"Waɗanne?"

"Ɗigon farin. Ni na sa shi. Shi ke faɗin inda kowane dutse ya fito."

Shekara goma sha tara tana miƙo mini dutse a rami, ban taɓa nuna mata abin da nake yi da shi in na koma ɗakina ba. A katan nake dawo mata da su, a ɗaure. Na koya wa 'ya'yan mutane dubu nawa, ban koya wa wadda ta tono mini tekun ba. Wannan kason nawa ne, na ɗauka. Amma kai ma ka ɗauki naka. Kai da ka san bambancin buroshi mai laushi da soso, ka rubuta "a tsabtace" kamar mai aika saƙo wanki. Garin neman gira an rasa ido.

Inna ta zauna a ƙasa ta dubi hannuwanta. Ta ce, "Baƙo zai taho tun daga Yamai, da Bature, ya iske kayan ɗiyata da dauɗa? A ce ba ta da uwa?" Asma'u ta shige ɗaki tana kuka, ga ciki wata huɗu, ita ta ja rabin ruwan. Ka gaya mini, wa zan zaga a cikinsu?  Na ce mun gode wa Allah, sun yi haske.

Yanzu ina da littafi mai lamba ɗari uku da goma sha biyu, da duwatsu ɗari uku da goma sha biyu, ba abin da ya haɗa su. Da la'asar na zagaya bayan gari. Jar hular ta tafi, sun shiga farin dutse. Da a ce tudun zai tsaya, da na sake farawa, ko da gwiwar nan. Ba zai tsaya ba.

An yanka maka zakara biyu a zuci, suna nan suna yawo suna jiran Disambarka. Saura kwana takwas.

Badi'a

*

Yamai, 19 ga Janairu 2025
Hannun Madan Badi'a, Illela

Yaya Badi'a,

Assalamu alaikum. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Yau ba wasa a bakina.

Takardunki biyu tare suka iso. Na ɗauko ta Oktoba na sake karantawa a zaune, na ga layin da na tsallake.  Ki ba Gwaggo da Asma'u haƙuri, ki ce musu laifina ne.

Izinin tafiya bai fito ba. Baƙon ya koma ƙasarsu. An ce ƙaramar motar gidanmu ba za ta fita ba sai da rakiyar jami'an tsaro, babbar kuma direbanta ya ce ba zai kai ta hanyar Zango ba, yashi zai riƙe ta. Na nemi a ba ni takardar hatimi ba tare da rahoto ba, shugabana ya ce in kawo masa hujja. Na ce akwai duwatsu. Ya ce daga wane shimfiɗi? Na tattara takarduna na fito.

Ga abin da zan iya faɗa. Ƙashin ƙadangare da ƙosai ba sa ɓata, kowa ya san wane zamani ne nasu. Ƙananan ne matsala, haƙoran kifi da 'yan koɗi, waɗanda za su nuna wa ya tsallake mutuwar, wa bai tsallake ba. Ki duba cikin tsagunansu, wataƙila soso bai kai ba, launin ƙasar da ta rage zai taimaka. Kuma ki tambayi Gwaggo. Hannun da ya tono abu yakan tuna.

Ina nan ina bugun ƙofofi.

Ƙanenki,
Yahuza

*

Illela, 23 ga Maris 2025

Yahuza,

Wa alaikumus salam. Ina azumi, yaya ibada? Mu nan rana ta buɗe, gwiwa na nan yadda ka san ta. "Yaya" da "ƙanenki" sun iso, na ajiye su, ban san me zan dafa da su ba.

Shawararka ɗaya ta yi amfani, zan ba ka wannan. Tun Janairu duk Asabar nake barin Illela da asuba in kai Zango da azahar, in juyo Lahadi. Muna zama a rumfar da aka yi maka. In miƙa wa Inna dutse, ba ta ko kai shi ido, idon ba ya yi. Takan murza shi da babban yatsa, sannan ta kai bakin tsaga ta lasa. Ta ce na ƙasa ɗaci-ɗaci gare shi, na laka mai shafi yana kama harshe, na farin dutse lami ne kamar tuwon da ba gishiri. Ashe haka suke gane inda jips yake tun tana budurwa. Na karanta cewa ku ma kuna lasar dutse a daji, amma ku sai da aka ba ku digiri.

Wani lokaci takan tsaya ta ce, "Wanga na san shi. Ramin gabas, daidai gwiwata, shekarar da hwara ta ci gero." In buɗe littafi in nemi shekarar farar, in ga haƙori ɗaya ne na rubuta a ramin gabas, kamu ɗaya da rabi. Ranar farko da hakan ta faru na rungume ta har ta ce in sake ta, ba ta son sakarci. Wani lokacin kuma ta lasa, ta ce, "Sabulu nika ji."

Arba'in da ɗaya muka mayar wa lambarsu. A cikinsu ina da tabbacin ashirin da shida.

Sai azumi ya kama. Inna ta ce ba za ta lasa dutse da azumi a bakinta ba. Na ce ba haɗiya za ki yi ba, na kawo mata maganar malamai. Ta ce, "Malamai ba su san ɗacin ramin gabas ba, shi yana wucewa maƙoshi ko ba ka so." Bayan shan ruwa kuma ta ce harshe ya sha kunu, ƙarya zai yi mata. Mako uku ke nan muna zaune muna kallon tifa na wucewa. Masu tono ba su ɗauki hutu ba.

Farin dutsen ya ƙare. Makon jiya na lallaɓa har bakin ramin gabas, mai gadi ya bar ni saboda na koyar da matarsa. Na ga shirun nan, rairayin ɗorawa, a buɗe tsawon fuskar duka, tsaf kamar an ja layi, abin da ban taɓa gani ba a shekara goma sha tara. Motar tono ce ta buɗe shi. Na ɗauki hoto uku da wayata, rana ta haske su, ba ka ganin kome sai fari. Na ɗebi ƙasa a leda biyar. Direban ya danna mini oda in kauce.

Abin da ya fi ci mini rai, duk wanda na gamu da shi a Zango murna yake. Mata na guɗa in tifa ta wuce. Inna da kanta ta ce, "Ko ba kome Asma'u ta haihu a gidan likita." Na ce amin, kuma da gaske na ce.

Kana bugun ƙofofi. Ka buga da ƙarfi, ko ka bari.

Badi'a

*

Yamai, 11 ga Mayu 2025

Yaya Badi'a,

Assalamu alaikum, da fatan an yi salla lafiya, kowa da kowa lafiya.

Albishirinki! Izini ya fito, da sa hannu da hatimi. Kuma Kamalu ya gaya wa direbanmu cewa hanyar Zango ta gyaru, yanzu ko babbar mota sai ta shiga har ƙofar gidan Gwaggo. Ranar 14 ga Yuni za mu taso, ni da ɗalibai ashirin da biyu, da kayan awo. Kwana uku za mu yi a fuskar gabas, mu auna ta kamu-kamu, in rubuta rahoton da zai sa a kewaye ta da waya. Kin ga haƙuri bai ɓaci ba.

Ki gaya mini abin da za mu riƙo.

Naki,
Yahuza

*

Zangon Labo, 25 ga Mayu 2025

Taubashi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Asma'u ta sauka ranar Talata, mace, a likita. Minti ashirin da biyar mota ta yi daga ƙofar gida zuwa kwalta. Jinin da ta zubar, ungozomar ta ce da a amalanke ne da ba a kawo ta ba. Ka riƙe wannan kafin ka karanta sauran, ni ma shi nake riƙewa.

Hanya ta gyaru, Kamalu bai yi ƙarya ba. Ka zauna ka karanta, kada ka tsaya tsakanin taro biyu: da me kake tsammani aka gyara ta?

Babu fuskar gabas. Babu gabas ɗin ma, tudun ya tafi duka. Amma kada ka fasa zuwa, na yi maka aikin rabin rahoto. Jiya na tako hanyar da ƙafa daga bakin kwalta har gida, ni da gwiwata da littafina. Daga kwalta suka fara zubawa, daga sama kuma suka fara tono, don haka abin a jere yake, sai dai a kwance. Kilomita uku na farko ja ne, hular ke nan. Daga na huɗu zuwa na tara fari ne. Ka duba gefen hanya, za ka ga ƙosan Inna an raba su biyu, tauraron na kallon sama. Rairayin ɗorawa, shirun nan da na so ka gani, da shi aka cike gefen gada a kilomita na goma. Baƙar laka ba ta yin hanya, sai suka tura ta cikin kwazazzabon bayan gari suka danne. Ƙadangarun suna can, an yi musu jana'iza ta biyu.

Saboda haka ka sauke ɗalibanka a bakin kwalta su tako da ƙafa, kamar yadda 'yan ajina ke bin igiyar guga. Kowane taku suna komawa baya. In sun iso inda ya kamata su ɗaga kai, su duba ƙasa. Rami ne, ruwan farko ya riga ya kwanta a ciki, awaki na sha. Teku ya dawo Zango, ka sa a rahoto.

Ka tambayi abin da za ku riƙo. Ba waya, ba abin da za a kewaye. Ku riƙo ƙananan kwalaye ashirin da shida, da fentin da ruwa ba ya wankewa. Leda biyar na ƙasa suna nan. Sauran ɗari biyu da tamanin da shida ka raba wa ɗalibanka su yi dara, abin da Inna ta ce a yi da su ke nan tun ranar farko.

Wata bakwai ina neman wanda zan sauke wa abin da ke cikina. Mai babban teburi ya yi hanya. Inna ta karrama baƙo. Kai ka samo hatimi. Jiya na ɗauki jaririyar, na duba, ba wanda ya rage. Na karanta cewa cikin kowace halitta ɗari da ta taɓa rayuwa a duniya, casa'in da tara sun shuɗe, yawancinsu ko ɓawo ba su bari ba. Shekara goma sha tara ina faɗar wannan a gaban allo da murya mai daɗi. Ban san haka yake a ƙirji ba.

Zakarun Disamba an yanka ɗaya, ɗayan na nan ya tsufa yana jiranka. Na karanta wa Inna takardarka da bakina, a hankali, har ƙarshe. Ta ce marhabin, ta ce mutum ashirin da uku ba su fi ƙarfin tukunyarta ba. Sannan ta matso ta kama hannuna, ta rage murya don kada Asma'u ta ji. Ta ce in tambaye ka tun da wuri, don a samu lokacin jan ruwa: wannan karon, me kake so a wanke?

Badi'a